Muntari Mai Rage wa Taya Iska

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Tungar Namadi zuwa Bukkuyum a lokacin ɗari ya san Muntari, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren mutumin nan mai kauri, mai hular sanyi da ta rufe kunnuwa, wanda ke tsayar da mota a bakin gulbi da ɗaga hannu ɗaya, alhali ba shi da kaki ba shi da usur. Babban abin aikinsa ƙusa ce guda da ya ɗaure da zare ya rataya a wuya. Da ita yake danna bawul ɗin taya ya rage mata iska. Sana'ar ke nan, kuma kada kowa ya yi dariya, don ta aurar da 'ya'ya biyu, ta kuma yi wa ɗakin Innarsa rufin kwano.

Gulbin da ya raba Tungar Namadi da hanyar kwalta ruwa ne da damina, sai kwale-kwale. Da an gama girbi ruwan ya janye, sai ya bar yashi fari mai faɗi, mai laushin da ƙafar mutum ma nutsewa take yi har idon sawu. Mota in ta shiga da taya cike tam, tayar yanka yashin take yi, ta haƙa wa kanta rami ta zauna. In an rage iska kuwa, sai tayar ta baje ta bi ta sama ta wuce lafiya lau. To amma ba a hawa kwalta da taya a sace ga buhunan wake a sama, nan da nan za ta yi zafi ta tsage. Saboda haka mashigin mutum biyu yake so, mai ragewa a wannan gaɓa da mai bugawa a waccan.

Muntari bai tashi da niyyar zama a bakin gulbi ba. Da ƙuruciya ya bi manyan motoci tsakanin Anka da Gummi, ya zauna wurin wani mai faci har hannunsa ya faɗa. Da mahaifinsa ya rasu sai ya dawo gida ya riƙe gona da Inna. Wani ɗari yana dawowa daga fadama ya tarar da mota ta kafe a tsakiyar yashi, mutane sun tura har sun gaji sun koma zagin direba. Ya ce a rage wa tayoyin iska. Direban ya kalle shi kallon mahaukaci, amma da yake dabara ta ƙare sai ya yarda, mota kuwa ta fita. Sai ga wata matsalar a can gaɓar, tayoyi a sace, babu mai bugawa. Muntari ya ruga gida ya ɗauko famfon da ya zo da shi daga Gummi. Daga ranar ya samu aikin rani, kuma da farko shi kaɗai yake yi, ya rage iska a nan, ya saɓi famfo a kafaɗa ya bi motar da gudu cikin yashi yana haki.

A can gaɓar Bukkuyum akwai wani dogon Bafulatani, Modibbo, wanda ya girme wa Muntari da shekaru masu ɗan dama. Shanunsa sun tafi a shekarun nan na satar shanu da kowa ya san yadda suka kasance, 'yan kaɗan suka rage, ya dawo kusa da gari ya kafa bukka shi da matarsa Aisatu. Yakan zauna a gindin wata ƙirya yana kallon wannan gajeren mutum yana zuwa da gudu, harshe a waje. Wata safiya ya miƙe ya karɓi famfon daga kafaɗarsa ba tare da ya nemi izini ba.

"Kawo nan, Kaɗo," in ji shi. "Kana gudu kamar wanda ya ɗauko kayan mutane."

Muntari bai da numfashin da zai mayar da magana, sai ya sakar masa. Tun daga nan suka raba gulbin biyu, kowa da gaɓarsa, kowa da famfonsa da abin danna bawul. Abin da direbobi suka bayar su haɗa su raba, ba a taɓa jin kansu ba.

Dokar Muntari kowa ya san ta. Mota ba ta shiga yashi sai ya zagaya tayoyin ɗaya bayan ɗaya ya danna kowace da diddigensa ya ji ta ba shi wuri. Fasinja su sauka su taka da ƙafa, ban da tsofaffi da marasa lafiya. Direba kuma in ya shiga kada ya kuskura ya taka birki sai ya ga ƙasa mai tauri. Babu wanda ya rubuta wannan doka, babu hukumar da ta sa hannu, amma har motar gwamnati in ta zo tsayawa take yi, mai kwat ya sauko ya cire takalmi. Muntari yana jin daɗin wannan, ba ya ma ɓoyewa.

Akwai wani direban bas, Zayyad, mutum mai surutu da waya kullum a hannu. Shi ya taɓa nuna wa Muntari hoton bidiyon wata ƙasa mai nisa inda dusar ƙanƙara ke zuba ta rufe hanya fari fat. Ya ce can in sanyi ya shigo doka ce kowa ya canja tayoyinsa, wasu ma har sarƙa suke ɗaura musu, wanda ya ƙi a kama shi. Muntari ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana kallon wata mota tana juya taya a wuri ɗaya.

"Ashe su ma Allah ya ba su nasu yashin," ya ce. "Sai dai nasu mai sanyi na. To wa ka tsayuwa shi duba musu?"

Zayyad ya ce 'yan sanda. Muntari ya gyara hula, ya yini yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa a wata ƙasa aikinsa 'yan sanda ke yi.

Rayuwar bakin gulbi mai daɗi ce ga wanda ya san daɗinta. Matarsa Zubaida tana kafa murhu a gefe tana soya ƙosai da dama koko, fasinja su kewaye wutar kara suna jiran a gama da tayoyi. Motar farko ita ke kai wa Modibbo kokonsa a jug, ta ƙarshe da yamma ta dawo da jug ɗin cike da nonon Aisatu. In babu mota, Muntari ya miƙe ƙafa a rana yana ɓare gyaɗa, yana hango abokinsa can nesa a gindin ƙirya. Ba sa jin muryar juna saboda faɗin yashin, sai dai ɗaga hannu.

Sai dai rabon aikin ba daidai yake ba, kuma dukansu sun sani. Da safe motoci duk Bukkuyum suke nufa, cike da wake da gero da albasa, kowa yana sauri, kuma kwalta za su hau, dole a cika taya ta yi tauri. Wannan bugu na Modibbo ne, cikin sanyin da ke shiga ƙashi. Da yamma kuwa motocin sukan dawo fayau, ɗaya bayan ɗaya, hanyar ƙauye za su bi, iska kaɗan ta ishe su, ga rana ta gasa jiki. Wannan shi ne na Muntari. Shekaru da yawa abin bai dami kowa ba, don Modibbo yana da dogayen hannaye, famfo a wurinsa wasa ne.

Ɗarin bara ne ya zo da ƙarfi. Ruwan alwala sai an ɗumama, awaki ma ba sa barin bakin murhu. Modibbo ya kamu da tari, tarin ya ƙi tafiya. Daga gaɓarsa Muntari yana hango dogon nan ya sunkuya kan famfo, ya buga, ya buga, sai ya tsaya ya dafe ƙirji. Motoci suka fara yin layi a can, abin da ba a saba gani ba. Direbobi suka fara guna-guni. Zayyad, da ba ya iya riƙe magana, ya gaya wa Muntari cewa Shafi'u, shugaban direbobin hanyar, yana zancen ɗauko wani mai injin iska daga Gummi ya zauna a gindin ƙiryar.

Maganar ta tsaya wa Muntari a rai. Ya san abin da famfon nan yake nufi ga Modibbo. Mutumin da ya taɓa kora garke ya wayi gari yana kallon turaku babu komai, famfon ne ya ba shi dalilin fita da safe, ya kuma hana shi miƙa hannu ga kowa. In aka karɓe shi, zai koma bukka ya zauna, kuma irinsu in suka zauna ba su cika daɗewa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya gwada.

"Modibbo, mi za ya hana mu yi musanya bana? Kai ka dawo gaɓata, ni in koma taka."

Modibbo ya dube shi daga sama, don daga sama yake duban kowa.

"Na yi maka kama da wanda ya gaji?"

"A'a, ni dai cewa niy yi..."

"To gaida Zubaida."

Zancen ya mutu a nan. Da ya ba Zubaida labari sai ta ce ai shi ya so, wa ya taɓa cewa Bafulatani ya gaza a gaban idonsa ya amsa.

To a nan ne Muntari ya yi wayon da bai kamata ba. Ya ga cewa iskar da ya fitar ita Modibbo ke mayarwa, in ya fitar da kaɗan, kaɗan za a mayar. Sai ya fara zare ƙusarsa da wuri. Ba da yawa ba, ɗan kaɗan a kowace taya. Da sassafe sanyi yakan ɗaure saman yashin ya ɗan yi ƙarfi, sai motocin suka riƙa wucewa, suna ɗan nishi amma suna fita. Layin can gaɓar ya ragu. Muntari ya ji daɗi ƙwarai, har yana yi wa kansa kirari a zuci. Da ya ga abin yana tafiya sai ya ƙara zarewa da wuri, diddigensa yana gaya masa gaskiya yana yi masa kunnen ƙashi.

Ranar kasuwar Bukkuyum Zayyad ya makara. Sai da rana ta ɗaga, yashi ya saki, sannan ya iso, bas ɗin ta sha buhunan wake har sama, ga albasa a kan rufi. Muntari ya zagaya da ƙusa, ya danna tayar baya da diddige. Tayar ta ƙi ba shi wuri. Ya ɗaga kai ya hango Modibbo a can ya dafa ƙirya yana tari. Sai ya ɗaga wa Zayyad hannu ya ce ya shiga.

Motar ta yi rabin gulbi, ta fara rawa, tayoyin baya suka watso yashi sama, ta zauna har cikinta ya taɓa ƙasa. Kuma da yake sawu ɗaya ake bi, duk motocin da ke bayanta suka tsaya. Aka sauke buhuna, aka shiga haƙa da hannu da fartanya, aka jawo kara da rassan itace ana cusawa. Mata masu kai kaya kasuwa suna tsaye a rana, bakinsu bai huta ba, kuma da gaskiyarsu, don wanda ya rasa safiyar kasuwa ya rasa kasuwar.

Muntari yana durƙushe yana haƙa sai ya ga dogayen ƙafafu sun tsaya kusa da shi. Modibbo ne ya tako daga gaɓarsa. Bai yi sallama ba. Ya sa ƙafa ya danna tayar, ya matsa ya danna ɗayar. Sannan ya dubi Muntari. Mutumin da ya yi shekaru yana mayar da iskar da Muntari ya fitar ba ya buƙatar a yi masa bayani, hannunsa ya daɗe da lura cewa aikin ya yi sauƙi, yau ya ga dalili. Ya miƙo tafin hannu, Muntari ya cire ƙusar daga wuya ya ba shi. Modibbo ya durƙusa ya saki iskar har tayoyin suka baje, ya mayar masa da ƙusarsa. Aka tura, mota ta fita. Muntari bai taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Shafi'u bai jira an koma tasha ba. Nan a gindin ƙirya ya tara direbobin da ke wurin, ransa a ɓace. Mutum ne mai haƙuri, amma ranar an kai shi bango.

"Wanga abu ya isa hakanan," ya ce. "Nan a yi ta jiran bugu, can a kafe muna mota. Gobe in Allah ya kai mu zan aika Gummi a zo da mai inji. Modibbo, ka yi haƙuri, jiki ya yi nauyi, kowa ya gani."

Modibbo ya tsaya a miƙe, ya harɗe hannaye a baya, yana kallon wani wuri can nesa. Muntari ya san wannan tsayuwa. In aka watse a haka, gobe babu kowa a gindin ƙirya, kuma ba zai sake zuwa ko a gaisa ba.

"Shugaba, dakata," Muntari ya ce. "Laihina na, ba na kowa ba."

Aka juyo ana kallonsa. Ya ɗaga hannayensa biyu, ya sa su ɗan rawa.

"Yatsun ga sun mutu. In sanyi ya kama su ban jin bawul, ban san na danna ko ban danna ba. Tun farkon ɗari nike ɓoyewa don kunya. Tsuhwa ya zaka, ba yadda ni iya."

Zayyad, da ɗazu yake kamar zai yi duka, ya fashe da dariya. Ya ce ashe ɗan sandan ƙasar ƙanƙara ya tsufa. Sauran ma suka dara. Muntari ya haɗiye, kuma ba ƙaramin abu ya haɗiye ba. Duk abin da yake taƙama da shi a duniya hannun nan ne da diddigen nan, ga shi da bakinsa ya zubar da su a gaban direbobin da ya yi shekaru yana yi wa tsawa.

"Abin da ni ka roƙo," ya ci gaba, "a maishe ni kan famfo da sahe, ko jikina shi ɗau zahi. Bugu ba ya son yatsa, ƙarhi shika so, shi ko ina da saura. Modibbo shi koma gaɓata. Hannun da ya saba tatsa ba a koya mai taɓa bawul. In kunka ga layi ko mota ta kahe, ku zo da injinku, ba ni cewa komi."

Shafi'u ya shafa gemu. Ba wawa ba ne, kuma ba ya son ya zama shi ya kori dattijo. Ya juya ga Modibbo.

"Kai mi ka gani?"

Modibbo ya dubi hannayen Muntari, waɗanda har yanzu suke rawar ƙarya, har ma sun fara wuce gona da iri. Ya yi tari, ya share baki da gefen rawani.

"Tunda Kaɗo ya tsufa," ya ce a hankali, "ai dole a taimake shi."

Aka watse a kan haka.

A gida Zubaida ta ajiye masa tuwo ta zauna tana kallon yadda yake yanka loma.

"Yatsun da sunka mutu dai ga su suna aiki," ta ce.

"Ke dai bari."

"Gobe duk garin ga za a ce mijina ya tsuhwa. Ni ko ina zan sa kaina?"

Ya ɗago yana shirin kare kansa, sai ya ga murmushi take yi. Ta ƙara masa miya, ta ce ya ci da yawa, gobe akwai aiki.

Washegari bayan sallar asuba ya saɓa mayafi ya shiga yashi, sanyi yana cizon ƙafa. A tsakiyar gulbin suka haɗu, shi yana tafiya gaɓar Bukkuyum, Modibbo yana tahowa tasa. Suka gaisa kamar yadda aka saba, lafiyar iyali, lafiyar dabbobi, ya sanyi. Muntari ya so ya ce wani abu game da jiya, ya rasa ta inda zai fara. Modibbo bai ba shi dama ba, ya gyara sandarsa a kafaɗa ya wuce.

Ya isa gindin ƙirya ya jawo famfon, ya shafa wa fatar da ke cikinsa mai. Can ya ji ƙugin mota. Bas ɗin Zayyad ce, yau ita ce ta farko, ta taho ta saman yashi sumul ba ko tangarɗa, ta hau gaɓa ta tsaya. Muntari ya duba tayoyin. Sun baje shimfiɗe a ƙasa, daidai yadda doka ta ce, ko ƙwayar iska ba a bar masa ta alfarma ba.

Ya ɗaura bakin famfo ya fara bugu. Kafin ya gama tayar farko ya yar da mayafi. A ta biyu ya cire hular sanyin da ba a taɓa ganin kansa babu ita ba. A ta uku gumi yana ɗiga daga haɓarsa, bayansa yana kiran sunan Allah, sai a lokacin ya san abin da dogon nan ya yi shekaru yana sha kowace safiya bai taɓa faɗa ba.

Zayyad ya leƙo ta taga yana cin ƙosai.

"Af, na manta. Modibbo ya ba ni saƙo."

Muntari ya tsaya yana haki, ya dafa famfon.

"Mi yac ce?"

"Ya ce in hwaɗa maka, shi ba ya rage wa tsoho aiki a ɓoye. In ka gaji ka buɗe baki ka hwaɗi."

Muntari ya miƙe ya juya. Can nesa, a gaɓar da ta kasance tasa, dogon mutum yana tsaye kusa da hayaƙin murhun Zubaida, ya ɗaga hannu ɗaya ya tsayar da wata mota, fasinja suna sauka. Dariya ta kama Muntari har sai da ya riƙe ciki, idanunsa suka kawo ruwa.

"In ka koma ka ce mai ban gaji ba," ya ce.

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya sunkuya kan taya ta huɗu.